A Share Shi ko a Taka Masa Birki? Zance da 'Yan Zauren Gozaki

 Tun kafin in ce uffan na hango Kawu ya turo hula gaba yana taɓe baki: "Yanzu fisabilillahi, ga tsadar taki, ga masara ta yi kwantai, ga ɓarayin daji sun hana noman nesa, a rasa abin da za a yi rubutu a kai sai faɗan cikin waya?" Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Amma wayar nan ta aljihun gaban rigarka, wadda ka ɗaure murfinta da roba, wa ya raba dare jiya yana sauraron saƙonnin murya a cikinta har Inna ta ce a rage sauti? Farashin hatsi na kasuwar Dandume a ina ka ji shi tun motocin kasuwa ba su dawo ba? Sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure fa? Har hanyar da za a bi da wadda za a kauce wa, a nan kake jin labarinta. To wurin da mutum ke jin farashi da jana'iza da lafiyar hanya ai ya wuce wurin wasa, ko da a aljihu yake kwana.

Gozaki tsohon gari ne, masu tarihin ƙasar Katsina ba sa zancen kudanci su tsallake sunanta da na Maska. Kakanninmu sun san zaure, sun kuma san yadda ake ladabtar da mai baki a cikinsa. Yaro ya yi katoɓara, dattijo ya ɗago kai ya galla masa harara, magana ta mutu nan take. Zauren WhatsApp kuwa tun ƙarshen 2022 yana ɗaukar mutum har 1,024, kuma harara ba ta bin waya. Ɗan shekara 17 da ɗan shekara 70 girman rubutunsu ɗaya. Wanda ke acaba a Legas da wanda ke bakin gona da fartanya duk tabarma ɗaya suke zaune. Shi ya sa kowane zaure, na manoma ne ko na dangi, na tsofaffin ɗalibai ko na matasan gari, ba ya rasa mutum guda wanda da ya yi sallama sai gaban kowa ya faɗi. Kun san shi. Kada kowa ya kama suna, ni ma ban kama ba.

A kan wannan bawan Allah jama'armu ta rabu jam'iyya biyu, kuma na san dukkansu suna karanta ni da ido ɗaya a kanne.

Ta farko ita ce jam'iyyar Malam A-ƙyale-shi. Duk abin da ya taso amsarsa ɗaya ce: "Ku share shi kawai, shiru ma magana ce." In ka matsa masa ya tuna maka aya ta 63 ta Suratul Furƙan, wadda ta koyar da yadda ake rabuwa lafiya da mai wauta. Madalla, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai shirun naka a waya ya tsaya. Da an idar da sallar isha'i kai ne a teburin mai shayi kana warware zancen tun daga tushe, har da kwaikwayon murya, har shayin ya huce. Wanda ya yi ɓarnar bai ji ba, waɗanda aka ɓata wa rai ba su ji ba, mai shayi kaɗai ya sha wa'azi.

Ta biyu ita ce jam'iyyar Alhaji Sai-na-rama. Shi kuma ba a taɓa shi a kwana lafiya. Saƙon muryarsa yakan kai minti tara, kuma kullum da kalma ɗaya yake farawa: "Ni dai kowa ya san ba mai son magana ba ne." In ka ce ya yi haƙuri ya ce ai addini ya yi umarni a hana ɓarna. Wace ɓarna ce aka yi, Alhaji? Wani yaro ne ya ce ƙungiyar ƙwallon da kake goyon baya ba ta iya komai ba, ko ya sa hoton ɗan takararka da hula a karkace. A kan wannan aka ƙone datar mako guda, aka tono asalin kakanni, aka tuna bashin buhun dawa na shekarar da aka yi fari.

To ku matso in faɗa muku abin da ya haɗa ku, ku da kuke ganin kun yi hannun riga. Dukkanku ƙirjinku kuke tambaya. Malam yana shiru ne don ba ya son abin da zai taɓa shi, Alhaji yana magana ne don an taɓa shi. Babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta dace: in aka yi shiru a kan wannan magana, wa zai cutu? In amsar ita ce "ba kowa, sai dai raina ya ɓaci," to share shi. In amsar ita ce gonar wani, ko aljihunsa, ko mutuncinsa, ko ransa, to shiru ya zama haɗin baki. Abin dariyar, wanda in an duba ba na dariya ba ne, shi ne yawancinmu a juye muke yi. A kan ƙwallo da siyasa sai ka wayi gari ka tarar da ɗaruruwan saƙonni. Ranar da wani ya turo sunan mutum ya ce infoman 'yan bindiga ne, zaure sai ya yi tsit, har shi Alhajin mai minti tara ya zama ɗan jam'iyyar Malam.

Ku manoma ne, don haka ba sai na wahala ba. Ba kowace ciyawa ke tayar da manomi daga barci ba. Wadda ta fito a gefen kunya bayan masara ta rufe, inuwa kaɗai ta ishe ta, wanda ya bi ta da fartanya ƙarfinsa ya ɓata. Amma ƙuduji fa? Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake tsotsar saiwar dawa da masara, kafin ka ga furensa ya gama rabin aikinsa. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubun-dubata, kuma irin yakan jira a cikin ƙasa fiye da shekara 10. Wa ya taɓa jin manomin da ya ce a yi wa ƙuduji haƙuri, shiru ma magana ce? Ana tuge shi ne tun bai yi fure ba. Aikin ɗan zaure mai hankali shi ne ya bambance ciyawar gefen kunya da ƙuduji. Shi ke nan karatun, sauran duk bayani ne.

Mu fara da waɗanda ake bari.

Na farko abokin wasa. Mu Katsinawa da muka gaji wasa da Nufawa da Haɗejawa, muke da taubasai a kowane gida, jika ya ce wa kakarsa matarsa, yau kuma a ce ba mu gane wasa ba? Amma sai ka ga ɗan kawunka ya tsokane ka a zauren dangi cewa gonarka ta bana ko akuya ba za ta ƙoshi ba, ka ɗauki zafi ka fice. Haba ɗan'uwa! Wannan ba a share shi, ba a kuma yi masa faɗa, rama masa ake yi da wadda ta fi ta daɗi. Alamar wasa ɗaya ce: wanda aka yi wa yana iya mayarwa, kuma in aka ce ya isa, ya isa.

Na biyu ɗan neman magana na asali, wanda abincinsa ɓacin ranka. Shi ba ra'ayi gare shi ba. Yau yana bayan wannan malami, gobe in ya ga zaure ya karkata can sai ya koma bayan wancan. Ya jefo magana a kan Izala da ɗariƙa, ko a kan ganin wata, ya koma gefe yana kallo. Na ji wani ya ce, "Ai kai ma zato kake yi, ka shiga zuciyarsa ne?" Ban shiga ba, amma wasu sun leƙa. A 2014 wata mai bincike a Kanada, Erin Buckels, da abokan aikinta sun yi nazarin masu wannan hali a intanet. Sun tarar ba su da yawa, sun kuma tarar abin da ya fi bambanta su da sauran mutane shi ne jin daɗin ganin wani cikin damuwa. To Alhaji, minti taranka ba horo ba ne a wurinsa, tuwo ne da miya ka kai masa har ɗaki. Irin wannan yunwa ke korar sa. Sai dai sharewar ta zama ta kowa da kowa. In mutum 99 suka yi biris, na ɗari ya tanka, an yi aikin banza, kuma na ɗarin nan kusan kullum mun san ko wane ne.

Na uku sojan baka. Da a rediyo muka san su, yanzu sun sauko waya. Shi wannan aiki yake yi, an saka masa data, kuma yawan martanin da ya samu shi ne shaidar da zai kai wa maigidansa. Kai da kake musu da shi tun azahar har magariba kyauta kake yi, shi kuwa a bakin aikinsa yake. Ranar da maigidan ya sauya sheƙa zai sauya tare da shi, ya bar ka da hawan jini. In zauren na manoma ne, doka ɗaya ta ishe shi: ba a tallar ɗan takara a nan. In na siyasa ne kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai na huɗu, wanda ba mugu ba ne, rashin sani ne. Baba ne da ya samu waya babba, duk abin da aka turo masa sai ya tura gaba da kyakkyawar niyya, har da gargaɗin cewa wanda bai tura wa mutum goma ba kada ya yi kuka da kowa. Kunyata irin wannan a gaban 'ya'yansa da jikokinsa rashin tarbiyya ne. Kira shi a waya, ko ka same shi bayan sallar la'asar, ka gaishe shi da kyau, ka nuna masa. Sau da yawa shi da kansa zai goge, har ya sa maka albarka.

Yanzu ga waɗanda ba a yi musu shiru, kuma a nan nake so Malam A-ƙyale-shi ya gyara zama.

Akwai mai muguwar shawara. Ka ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, Malam? To ina da tambaya, kuma a amsa tsakani da Allah. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wa da wa aka tasa da tsakar dare suka yi wankan ruwan gishiri, wasu har suka kurɓa? Kada ka sunkuyar da kai, Kawu, ba kai kaɗai ba ne, kusan ƙasar ce gaba ɗaya. Saƙo ne ya bi wayoyi, kowa ya tura wa wanda yake ƙauna, aka kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Wannan furen ya yi 'ya'ya. Irinsa na nan a zaurukan manoma kullum. Wani zai ce a zuba fiya-fiya ko Sniper a buhun wake don ƙwari, "ni haka nake yi shekara da shekaru." Wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma waken da bai fita waje ba a tukunyar gidajenmu yake ƙarewa. Tun da tsutsar masara ta shigo ƙasar nan a 2016 kowa ya zama likitan gona, ana haɗa magunguna uku a tanki ɗaya a kan faɗar wani da ba a san gonarsa ba. A nan sai a tanka, a kuma tanka da hujja: ga buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, ga malaman gona na KTARDA, ga cibiyar IAR a Samarun Zariya da ba ta yi mana nisa ba. Ba don mai maganar ya yarda ake yi ba. Don mutum ɗari ake yi, masu karantawa ba sa rubutu, waɗanda gobe za su je kasuwa su sayo abin da suka ji.

Akwai ɗan damfara. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015 mutanenmu suka saba da jin "a kawo suna, a kawo BVN," sai ɓarayi suka samu ƙofa. Yau a turo cewa gwamnati na rabon taki a latsa nan, gobe a kira ka a ce za a yi taron zaure ta waya, ka karanto lambobi shida da suka shigo maka. Ka karanto, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su shiga neman rance da sunanka wurin surukanka. Wanda ya gane wannan ya yi shiru don "ba ya son magana," shi ma yana da kaso a asarar.

Akwai mai cin zarafin wanda ba zai iya kare kansa ba. Hajiya ta yi tambaya a kan farashin waken suya, wani ya mayar da zancen kan aurenta. Yarinya ta faɗi ra'ayi, a bi ta da baƙar magana har ta fice. Ku lura da kyau, ba mai ɓarnar ke barin zaure ba, mutanen kirki ke zamewa ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Wata rana admin zai duba ya ga saura shi da masu haushi. In za a ce wa Hajiya ta yi haƙuri ta share, to a fara jin wani namiji mai girma a zauren ya ce, "Wane, ba a yin haka a nan."

Sai mafi muni, mai jita-jitar tsaro. Mu da muka ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300, ba mai gaya mana cewa gargaɗin gaskiya yana ceton rai. Don haka ne ma na ƙarya ya fi zama haɗari. Hoton wata ƙasa ko na shekarun baya, a ce yanzu-yanzu ne a hanyar Malumfashi. Murya ba suna, ba rana, ba wuri: "Gā su nan tafe, a tura wa kowa." Mata su kwana a daji da goyo, a bar amfanin gona a yashe, ranar da na gaskiyar ya zo kuma a ce ai irin na rannan ne. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kama sunan mutum ko na wata ruga a ce su ne infoma. A yanayin da muke ciki wannan kalma tana iya zama hukuncin kisa kafin gari ya waye. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Yulin 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra a Indiya, jama'a sun kashe mutum biyar baƙi saboda jita-jitar satar yara da ta bi WhatsApp. Irin wannan ne ya sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar ga duniya a Janairun 2019, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Kamfanin da ke Amurka ya ji tsoron abin, kai da ke zaune a tsakiyarsa ka ce a ƙyale? Malam, kai da ka kawo mana Furƙan, ai ka fi ni sanin aya ta 6 ta Suratul Hujurat da abin da ta ce a yi da labari kafin a yi aiki da shi. Tambaya uku ta isa: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe? In akwai zargi na gaske a kan wani, wurinsa gaban mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro, ba gaban mutum dubu ba.

Na ga Alhaji Sai-na-rama yana murmushi, wai yau an zo wurinsa. Dakata, Alhaji, ba a ba ka lasisi ba. Taka birki daban, kokawa daban.

Da farko, sau ɗaya ake yi. Ka faɗi gaskiyar a taƙaice, ka kawo hujja, ka yi shiru. In ya dawo da zagi, ya riga ya amsa wa jama'a da kansa. Na biyu, maganar ake bugu, ba mai maganar ba. "Wannan hoton ba na nan ba ne, ga inda aka fara sa shi" ya fi "kai dama tun kana yaro maƙaryaci ne." Na farkon yana barin ƙofar da mutum zai janye da mutuncinsa, na biyun yana tilasta masa ya kafe ko da ya san ya yi kuskure. Na uku, kuma shi ne wanda aka fi mantawa: ba kowane baki ke gyara ba. Wani mai bincike a Amurka, Kevin Munger, ya gwada wannan a Twitter wajen 2016. Ya ƙirƙiri asusu iri-iri yana jan kunnen masu zagin baƙaƙen fata. Jan kunnen da ya yi tasiri sosai shi ne wanda ya fito daga wanda masu zagin ke gani nasu ne, kuma mai mabiya da yawa. Sai da aka yi bincike a Amurka kafin a gano abin da kowace tsohuwa a Gozaki ta sani: in yaro ya gagara, kawunsa ake kira, ba abokin gabarsa ba. Don haka in kai da shi dama kuna da jiƙaƙƙiya a kan iyakar gona, ko gaskiya ce a bakinka, ba wa wani ya faɗa.

Saura ku, masu girma admin. Kun zaci za ku tsira? Akwai admin da ya buɗe zaure ya tafi, sai ranar sallah ya turo barka. Akwai kuma wanda ya ɗauki abin sarauta, ko tari ka yi ba da izini ba sai waje. Duka biyun ba su yi ba. Kayan aiki na hannunku: tun 2018 kuna iya rufe zaure ya zama ku kaɗai ke magana har ƙura ta lafa, tun 2022 kuna iya goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa. Amma a bi mataki. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda al'ummomi ke kula da abin da suka mallaka tare, kamar makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa. Cikin abin da ta gano, waɗanda suka daɗe ba su rushe ba suna da doka da kowa ya sani, kuma horonsu hawa-hawa ne. To haka: a rubuta doka tun ran gini, a ja kunne a keɓe, a ja a fili, a dakatar na ɗan lokaci, sannan a cire. Banda mai kama sunan mutum da sharrin da zai iya jawo masa kisa, da ɗan damfara. Waɗannan a goge nan take, bayani ya biyo baya. A kuma tuna musu cewa ƙazafi da ɓata suna laifi ne a kotu, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024.

Amma ranka ya daɗe admin, kunnenka nawa? Wanda ya tambayi ina kuɗin ƙungiya suka shiga, ko me ya sa takin da aka ce an kawo wa manoma 50 ya ƙare a hannun mutum bakwai, wannan ba ɗan tada zaune tsaye ba ne, ko da muryarsa ba daɗi. Tambaya mai ɗaci ba a share ta, ba a kuma korar mai ita, amsa ake ba ta. In kana cire duk wanda ya ƙure ka, to ƙudujin zauren yana riƙe da mabuɗi.

Na ji Kawu ya sake magana daga baya: "Ni dai da za a bi tawa, a rufe abin gaba ɗaya a huta." Ai an gwada, Kawu. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni a haka. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022. Jita-jita ta mutu? Komawa ta yi tasha da bakin kasuwa, inda ba a ma iya tambayar wa ya fara turowa. Mai neman magana kuwa ko kwana ɗaya bai yi hutu ba, mazauni kawai ya sauya. Halin a jikin mutum yake, waya ɗaukar sauti kawai ta yi.

Kafin ka rufe shafin nan kana lissafa sunayen waɗanda zancen ya dace da su, ga wata 'yar tsaraba. A 2017 masu bincike daga jami'o'in Stanford da Cornell sun gwada mutane na yau da kullum, ba 'yan tsokana ba. Suka tarar in ran mutum a ɓace yake, ya kuma shigo ya tarar an riga an fara zage-zage, yiwuwar shi ma ya zuba tasa ta kusan ninkawa. Sun kuma lura abin ya fi yawa da tsakar dare. Wato mutumin nan da muke ta zance a kansa tun ɗazu, wani daren kai ne. Ranar da ka sayi taki da tsada ka sayar da masara da araha, ka dawo gida aka ce cefane bai isa ba, ka kwanta ka buɗe waya ƙarfe ɗaya na dare, wallahi ranar ko sallama aka yi maka habaici za ka ji. Ajiye ta sai da safe. Ba a taɓa jin wanda ya yi nadamar saƙon da bai tura ba.

Don haka Malam A-ƙyale-shi da Alhaji Sai-na-rama, ga sulhun da na yanke muku, kuma ba ɗaukaka ƙara. Ku yi musanyen aiki. Alhaji, ranar da aka taɓa ka, kai ko ƙungiyar ƙwallonka ko ɗan takararka, ari bakin Malam ka yi shiru. Malam, ranar da aka taɓa gonar wani, ko kuɗinsa, ko mutuncin 'yar mutane, ko aka jefa ran wani cikin haɗari, ari bakin Alhaji ka yi magana, amma minti ɗaya, ba tara ba. Wanda ya ga ban yi masa adalci ba yana iya turo martani, ƙofa a buɗe take. In ya zo da hujja zan amsa, in neman magana ce kuwa, ya riga ya san jam'iyyar da zan shiga. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.